Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Doguwar Bindigar Amurka Da Yadda Ake Gane Ta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake gane tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara, wato masu ƙyasta dutse a kan ƙarfe su tayar da albarushi, musamman doguwar bindigar nan ta Amurka da ake kira bindigar Kentaki, wadda sunanta ya fara yawo a bakin masu cinikin tsofaffin kaya a intanet ba tare da yawancinsu sun taɓa riƙe ta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watan da ya gabata wani ɗan ƙanena ya zo gidana da wata tsohuwar bindiga naɗe a cikin buhu, wadda ya gada daga kakansa na wajen uwa, wanda maharbi ne a zamaninsa. Wani mutum ya ga hotonta a Facebook, ya ce masa ai wannan ita ce bindigar Kentaki, kuɗinta miliyoyi ne, sai dai a gyara ta ta yi kyau kafin a kai ta kasuwa. Yaron kuwa ya sayi sanfefa ya goge bututun har ya yi fari fat, ya ɓamɓare fatar da aka naɗe ƙotar da ita, ya shafe itacen da fenti mai ƙyalli. Da na karɓe ta, abu na farko da na yi shi ne na zaro sandar ɗuri na zura ta cikin bututun, na dafe ta da babban yatsana daidai baki, sannan na fito da ita na gwada tsawonta a waje. Sandar ta gaza kaiwa ga ramin wuta da kusan inci biyu. Ashe akwai ɗuri a ciki, wanda Allah kaɗai ya san shekarunsa, albarushi kuwa tsufa ba ya kashe shi muddin bai jiƙe ba. Sai da muka kai ta wurin wani maƙeri da ya san aikin ya fitar da ɗurin, sannan na haska tocila a cikin bututun, na gan shi sumul, babu tsagi ko ɗaya. A gindin bututun kuma, inda sanfefar ba ta cinye ba, ga haruffa uku, ELG, a cikin wata 'yar da'ira mai siffar ƙwai. Wannan tambarin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Liyej a ƙasar Beljiyam. Bindigar ba ta taɓa ganin Amurka ba, kuma darajar da take da ita ta gaskiya, wadda ke cikin tsufanta da fatarta da gyare-gyaren da maƙeranmu suka yi mata, ita ce aka goge. Garin gyaran gira an rasa ido.

Doguwar bindigar Amurka ta samo asali ne a kudu maso gabashin Fensilbaniya, wadda yanzu jiha ce a Amurka, musamman yankin Lankasta, a farkon rabin ƙarni na 18. Maƙeran da suka yi ƙaura daga Jamus da Siwizalan sun zo da sanin ƙera wata gajeriyar bindigar farauta mai kauri, wadda cikin bututunta yake da tsagi mai murɗiya da ke juya harsashi ya tafi saiti. A dazukan Amurka kuwa dalma da albarushi suna da tsada, kuma mutum yakan yi makonni a daji da abin da ya iya ɗauka a jikinsa kaɗai, saboda haka a hankali aka tsawaita bututun har ya kai inci 40 zuwa sama, aka kuma rage faɗin bakinsa domin kowane harbi ya ci dalma kaɗan. Harsashin dunƙulen dalma ne da ake naɗewa a ɗan ƙyalle mai maiƙo kafin a tura shi da sanda, ƙyallen ne ke kama tsagin. Maharbi ƙwararre yakan sami abin da ya auna daga nisan yadi 200 ko fiye, alhali bindigar soja ta wancan zamani, mai sumul ɗin ciki, ba a dogara da saitinta in an kusa yadi 100. Aibinta shi ne jinkirin ɗuri da rashin wurin ɗaura banati, shi ya sa ko a yaƙin neman 'yancin Amurka ba ita ce makamin yawancin sojoji ba, ko da yake maharban kwamanda Daniel Morgan sun yi suna da ita a yaƙin Saratoga a 1777, haka ma mayaƙan kan duwatsu a Kings Mountain a 1780. Sunan Kentaki daga baya ya manne mata, bayan wata waƙa da ta yabi maharban jihar Kentaki da suka yi yaƙin Niyu Olins a 1815 ta bazu a ƙasar. Masana da yawa sun fi son kiranta bindigar Fensilbaniya, jihar ma ta ayyana ta a matsayin bindigarta ta tarihi a 2014.

Daga wannan tarihin alamar farko take fitowa, kuma ita kaɗai ta isa ta raba gardama a mafi yawan lokuta. Bututun doguwar bindigar Amurka yawanci mai kusurwa takwas ne daga gindi har baki, yana da nauyi, cikinsa kuma yana da tsagi. Wanda ya ga bututu zagayayye, mai siririn ƙarfe, mai sumul ɗin ciki, da tambarin Liyej ko na Bamingham a gindinsa, to bindigar kasuwanci ce ta Turai yake riƙe da ita, irin wadda muka fi sani da adaka. Yawancin maƙeran Amurka na wancan zamani ba su da gidan gwaji na hukuma da ke buga wa bindigogin farar hula tambari kamar yadda ake yi a Ingila da Beljiyam. Akwai dai wasu dogayen bindigogin Amurka da aka yi su sumul tun asali, akwai kuma waɗanda tsagin ya cinye aka rarake su daga baya domin harbin tsuntsaye, don haka ba a yanke hukunci da duban ciki kawai sai an haɗa da sauran jiki.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda masu tara bindigogin suka mayar da kowace bindiga kamar takarda mai rubutu, suna karanta shekarunta da garinta a jikinta. Bindigogin farko, na kafin yaƙin 'yanci da lokacinsa, suna da gindi mai faɗi, kusan inci biyu, wanda farantin tagullarsa bai lanƙwasa sosai ba, bakinsu kuma yakan kai rabin inci ko fiye. Bututunsu yana da kauri a gindi, ya sirance a tsakiya, sannan ya ɗan buɗe kusa da baki, abin da ke sa bindiga mai tsawon mutum ta zauna daidai a hannu. Wannan siffa da guduma da magagari ake fitar da ita, kuma mutum yana iya jin ta in ya bi bututun da yatsu biyu a hankali daga gindi zuwa baki. A gefen dama na gindin ƙotar akwai ɗan akwati da ake ajiye ƙyalle da maiƙo da ƙananan kayan gyara. A bindigogin farko murfinsa na itace ne da ake zamewa, daga baya aka koma murfin tagulla mai maɓalli, wanda ya zama filin da kowane maƙeri yake nuna gwanintarsa ta zane. Bayan samun 'yanci, daga wajejen 1780 zuwa 1830, lokacin da masana ke kira zamanin zinariya, ado ya yawaita, aka cika sassaƙa furanni da ganyaye a jikin itacen da dasa azurfa a cikinsa. Da aka ƙara gaba sai gindi ya sirance, farantinsa ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, baki ya ƙanƙance, bututu ya zama miƙaƙƙe, sassaƙa kuma ta ja baya.

Game da gari kuwa, kowane yanki yana da hannunsa, domin almajiri yakan yi shekaru a maƙerar ubangidansa ya fita da salonsa, kamar dai yadda mai ido yake bambanta ɗinkin wani gari da na wani. Maƙeran Lankasta, irin su Jacob Dickert wanda aka haifa a Jamus a 1740 ya rasu a 1822, ƙotarsu miƙaƙƙiya ce, kan akwatinsu kuma sau da yawa yana ƙarewa da zanen wani fure mai ganye zagaye. Na kwarin Lehigh ƙotarsu tana da doro da lanƙwasa sama da ƙasa, kuma wasunsu sukan sa hoton wani ɗan kan mutum mai hula a jikin bindigar. A gundumar Bucks murfin akwatin ta gefe yake buɗewa. Na gundumar Bedford sirara ne, gindinsu ya sunkuya ƙasa kamar ƙotar fartanya. John Philip Beck na Lebanon da John Armstrong na Emmitsburg a jihar Merilan sun shahara da tsabtar sassaƙa. In aka gangara duwatsun kudu, wajen Tenesi da Karolaina ta Arewa, sai a tarar da bindigogi marasa ado, waɗanda aka yi wa kayan baƙin ƙarfe maimakon tagulla, wasu ma babu akwati sai ɗan rami da ake cusa kitse a ciki. A ganina waɗannan na kudu sun fi kusa da zuciyar maharbi, domin babu abin da aka sa musu wanda ba ya aiki, ko da yake kasuwa ta fi ɗaga masu azurfa.

Akwai kuskuren da sababbin shiga suke yawan yi, wato su karanta sunan da ke jikin makunni, ƙarfen nan na gefe da ke riƙe ƙanƙara da ɗan kaskon albarushi, su ce shi ne maƙerin bindigar. Maƙeran Amurka da yawa sayen makunni suke yi wanda aka shigo da shi daga Jamus ko Ingila, shi ya sa ake yawan ganin sunan gidan Ketland na Bamingham a jikin bindigogin da aka ƙera a Fensilbaniya, wani lokacin kuma sunan ɗan kasuwar da ya shigo da kayan ne. Maƙeri in zai sa sunansa, a saman bututu yake sa shi, tsakanin gindi da ma'aunin saiti na baya, sau da yawa da rubutun hannu da aka zana da ƙarfe mai tsini. Bindigogi masu yawa ma ba su da suna ko kaɗan, sai dai a danganta su ga wani maƙeri ta hanyar kwatanta sassaƙa da zane da na wata bindigar da ke ɗauke da sunansa. A nan ne mayaudara suke samun ƙofa, domin ƙara sunan sanannen maƙeri a kan bututu marar suna yana ninka kuɗin bindiga. Ana gane ƙarin ne da madubin ƙara girma: rubutu na asali ya tsufa tare da ƙarfen, gefunansa sun lallashe, tsatsar da ke cikinsa irin ta kewayensa ce, sabon rubutu kuwa gefunansa suna da kaifi, kuma yakan ratsa ta kan ramukan tsatsa maimakon tsatsar ta ci shi.

Batun da ya fi kowanne wahala shi ne na makunnin da aka sauya aka kuma sake mayarwa. Daga shekarun 1830 zuwa gaba, da aka sami hanyar tayar da albarushi da 'yar hular tagulla wadda ruwan sama bai cika hana ta tashi ba, masu bindigogi sun yi ta kai nasu wurin maƙera ana cire ɗan kaskon da mariƙin ƙanƙara, a huda gefen bututu a ɗaura ɗan ƙarfen da ake kifa hular a kansa. Mafi yawan bindigogin da suka ci gaba da aiki an yi musu haka. Da masu tarawa suka fara biyan kuɗi mai yawa a kan mai ƙanƙara a ƙarni na 20, sai aka koma ana cire wancan gyaran ana mayar da ƙanƙara. Bindigar da ba a taɓa sauya ta ba ta fi daraja nesa ba kusa ba, saboda haka mai saye yakan zura ido a kewayen ramin wuta ya ga ko akwai zoben toshiya, ya duba ko launin kaskon ya yi daidai da na farantin makunni, ya kuma duba itacen da ke kusa, domin hular tagulla tana barin wani irin ci da ƙuna a ƙarfe da itace wanda ba ya ɓoyuwa. Haka nan ana duba ko an rage tsawon bututu, abin da tsofaffin ramukan ƙusa da aka cike a jikin ƙota suke tona wa asiri, da ko an yi wa gaban ƙotar ƙari da sabon itace. Mayar da ƙanƙara ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye; ɓoyewar ce ha'inci.

Itacen ma yana da nasa bayani. An fi yin ƙotar da itacen mapul mai ratsi-ratsi kamar saƙi, wanda ake shafa wa wani ruwan sinadari a gasa shi da zafi ratsin ya fito. Ratsi na asali yana motsi in an juya bindigar a cikin haske, yana kuma ratsa itacen har ciki. Masana'antar Henry Leman ta Lankasta, wadda ta ƙera bindigogi masu yawa domin kasuwanci a ƙarni na 19, ta shahara da zana ratsin da buroshi a kan itace marar ratsi, kuma wannan ba jabu ba ne, salon gidan ne. Jabun da ya fi yawa a yau shi ne na kwaikwayon da masana'antun Italiya da Sifaniya suka yi ta ƙerawa tun daga tsakiyar ƙarni na 20, musamman wajejen bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976. Waɗannan an yi su ne domin masu sha'awar harbi, suna ɗauke da lambar siriyal da tambarin gwaji da gargaɗi da Turanci cewa baƙin albarushi kaɗai za a ɗura, amma akwai masu goge rubutun su jiƙa ƙarfen ya yi tsatsa su sayar a matsayin tsohuwa. In aka kwance sukurori aka ga zarensu daidai wa daida irin na inji, aka ɗaga makunni aka ga cikin itacen fari tas an fafe shi da inji, to magana ta ƙare. Wanda duk ya sayi irin wannan kaya da ganin hoto a waya kawai ya yi cinikin biri a sama.

Duk wannan sani bai faɗo daga sama ba. Wasu mutane ne suka ba da rayuwarsu wajen aunawa da ɗaukar hoto da bin takardun haraji da na coci domin gano wane maƙeri ya zauna a wane gari a wace shekara. Joe Kindig ƙarami, wani dillalin kayan tarihi a garin York, ya wallafa littafinsa a 1960 inda ya rarraba maƙeran bisa yankuna, aka kafa ƙungiyar masu tara bindigar Kentaki a 1962, George Shumway kuma ya fitar da nasa aikin a kan bindigogin zamanin mulkin mallaka a 1980. Amfanin wannan rubuce-rubuce ya bayyana a labarin wata bindiga da Christian Oerter ya ƙera a 1775 a maƙerar mabiya ɗariƙar Kirista ta Morabiya da ke Christian's Spring kusa da garin Nazareth na Fensilbaniya, shekara biyu kafin rasuwarsa yana matashi. An sace ta daga wurin baje kolin tarihi na Valley Forge a 1971, ta ɓace kusan shekara hamsin. A 2018 ta faɗo hannun wani dillali cikin tarin tsofaffin kaya, ya gane ta saboda an riga an wallafa bayaninta, ya miƙa ta ga hukuma, aka mayar wa masu ita a 2019, aka kuma baje ta a gidan tarihin juyin juya halin Amurka da ke Filadelfiya. Da ba a rubuta siffarta ba, da ta wuce daga hannu zuwa hannu ba wanda ya san ko wace ce.

A nan ne maganar ta dawo gida, ranka ya daɗe. Da wuya ƙwarai a sami doguwar bindigar Amurka ta asali a ɗakin wani maharbi a ƙasar Hausa, domin ba ta hanyar kasuwancinmu ta bi ba. Abin da ya iso mana shi ne bindigogin Bamingham da Liyej ta bakin teku, da dogayen bindigogin Arewacin Afirka ta hanyar Sahara, sai kuma waɗanda maƙeranmu suka ƙera ko suka yi wa sabuwar ƙota. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara marasa tsagi, shi ya sa Turai ta ci gaba da ƙera mana irinsu har cikin ƙarni na 20, bayan ita kanta ta daɗe da barinsu. Saboda haka ƙanƙara a jikin bindiga a nan ba hujja ba ce cewa ta shekara ɗari biyu. Amma waɗannan bindigogi namu suna da tarihin da ya cancanci irin kulawar da Amurkawa suka ba nasu: wane maƙeri ne ya yi wannan ƙota, wane gari ne ke naɗe bututu da fata ko da waya ta wannan salo, a hannun wane sarkin baka ta zauna, wace ce ta fita hawan salla a hannun 'yan bindigar sarki. Tsofaffin da suka san amsoshin suna ƙarewa, bindigogin kuma ana sayar da su ga masu gwangwan ko a goge su kamar ta ɗan ƙanena.

Ga wanda ke da irin wannan gado a gida, shawarata ita ce ya ɗauka a ɗure take har sai wanda ya san aiki ya tabbatar ba haka ba, kada kuma ya yi gigin harba ta, domin tsohon bututu yana iya fashewa. Kada sanfefa ko fenti su taɓa ta. Ƙyalle mai laushi da ɗan mai kaɗan a kan ƙarfe sun wadatar, a ajiye ta inda babu laima da gara. Ya kuma sani cewa dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigogin ɗuri, har da masu ƙanƙara, cikin waɗanda ake nemar wa lasisi, ba kamar Amurka ba inda dokar tarayya ta ware waɗanda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ma sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Roƙona gare ka shi ne jaridarka ta tura wakili da mai ɗaukar hoto wurin sarakunan baka da 'yan bindigar fada da tsofaffin maƙera, a ɗauki hoton kowace bindiga gefe da gefe, da tambarin gindin bututunta, a auna tsawonta, a rubuta abin da mai ita ya sani a kanta, a riƙa bugawa ko da sau ɗaya ne a wata. Ni dai na fara da ta gidanmu. Na sa yaron ya koma ya tsinto fatar da ya ɓamɓare daga inda ya yar da ita, muka je wurin kakarsa ta gaya mana garin da mijinta ya sayi bindigar da maƙerin da ya sake mata ƙota bayan ta karye a wata farauta, na rubuta duka a takarda na ninke ta tare da fatar a cikin buhun.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin tarihi mai ritaya, Zariya.